Da na kunna salula sai Hausarsu ta canja: yaya zan samu hira ta gaskiya?

Ba'adariya a Harobanda

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗiyar Tawa ce, ina shekara ta biyu ta mastar a fannin ilimin harsuna a nan Yamai. Kundina a kan Hausar waɗanda ba da ita suka tashi ba ne, musamman Zabarmawa masu hulɗa da Hausawa a kasuwa. Matar kawuna ce ta sa ni cikin wannan aiki ba tare da ta sani ba. Bazabarma ce ta Doso, ta fi shekara ashirin a gidanmu, har yau "ya zo" take cewa ko da mace ce ta zo. Amma in ta shiga kasuwar Tawa babu ɗan kasuwar da ya isa ya ci mata ko dala, kuma in ana faɗa a gida ita ke raba gardama, da wannan Hausar tata. Na so in gane yadda abin yake tafiya.

Wata biyu ke nan ina fita da takardar tambayoyi ashirin da biyar da salulata. Na yi hira da mutum goma sha huɗu tsakanin kasuwar Katako da ta Wadata. Jiya da dare na zauna na saurari duk abin da na naɗa, sai hawaye suka kusa zubo mini. Ba hira ba ce, kamar tambayar jandarma ce. "Ina ka koyi Hausa?" "A kasuwa." "Shekara nawa?" "Da yawa." Waɗanda suka yi lakwal da sun ga takarda sai su koma Faransanci. Wani kuma ya gyara zama, ya gyara murya, ya shiga yi mini irin Hausar masu karanta labarai a rediyo, kalma ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi ba ni haushi wani dattijo ne mai sayar da ƙusa da kwado. Ina isowa na tarar yana zazzaga wa mai amalanke masifa da Hausa kamar ruwan sama, har da karin magana. Da na ajiye salula gabansa sai ya ce mini, "Ni ban iya Hausa ba."

Wata ƴar ajinmu ta ce in sa salular cikin hijabi in naɗa ba su sani ba, wai kowa haka yake yi. Raina bai kwanta da shi ba, amma kuma lokaci yana tafiya.

Sai kuma rubutawa. In na ji mutum ya ce "kasa", hannuna da kansa yake rubuta "ƙasa". Na dawo na duba shafi uku na farko, na tarar na gyara wa mutanen Hausarsu tas, har abin da na fita nema ya ɓace. Ga malamin da ke duba aikina yana cewa mutum goma sha huɗu sun yi kaɗan, yana son ya ga jadawali da kaso cikin ɗari. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya taimake ni: yaya ake samun maganar da mutane ke yi da gaske, yaya ake rubuta ta, kuma mutum nawa ne suka isa?

Tsohon Mushe, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Ni ban yi irin karatun naki ba, lakwal na koyar har na aje alli. Amma cikin shekarun 1980, lokacin hutu, na sha yawo garuruwan Adar da rediyo mai kaset ina ɗaukar maganar tsohhi, to na san wanga ciwo.

Ranar hwarko asara ce, ki sa wannan a ranki. Tsoho in ya ga na'ura, ba da ke yake magana ba, da kumandan yake magana. Sai kwana na ukku, in an sha hura tare, an yi salla tare, sannan bakinshi ke sakewa. Abin da na gano kuma shi ne, in ni na yi tambaya, amsa nike samu. In na haɗa tsoho biyu sunka musa wa juna, magana nike samu. Mafi kyawun kaset da nike da shi har yau, ban ce uffan ba cikinshi. Tsohhi biyu ne sunka yi gardama kan wanda ya gina wata rijiya, sunka mance da ni da rediyon duka.

Ke kuma matsalarki ta hi tawa. Bahausa ce ke, ga takarda ga bik a hannu, kin zo wurin mutumin da ya san Hausawa na yi ma Hausarshi dariya. Mi kike so shi yi? Ya san awon harshenshi kika zo yi. Dattijon nan mai ƙusa ba ƙarya ya yi miki ba, ƙohwa ya ruhe.

Batun hijabi kuwa, kul. Na san wani da ya ɓoye rediyo cikin jikka a wani gari, kaset ya ƙare, maɓalli ya yi ƙara. Daga rannan babu wanda ya sake buɗe ma ɗan boko baki a garin, mu da munka zo bayanshi mu munka biya bashin. Ki tahi wurin shugaban ƴan kasuwar layin, ki gaishe shi, ki hwaɗa mishi abin da ke tahe da ke. Ki samu rumhwa guda ki zama ƴar gida, ki riƙa taya su ƙulla kaya a leda.

Abu guda na ƙarshe. Ki saurari Hausawan su ma. Mu kanmu in muna magana da Buzu ko Bazabarme mukan karya harshe, "kai zo gobe, ni ba ka". Wani gwarancin da muke dariya, daga bakinmu sunka koye shi.

Mai Kunne Biyu

Baba Mushe, Allah ya ƙara girma, ka riga ka faɗi rabin abin da ke cikin littattafai. Ƙanwata, bari in ɗora. Nawa aikin a kan Faransancin ƴan makaranta ne a cikin aji, amma hanyar ɗaya ce.

Abin da ya same ki sananne ne. Masanin harshe William Labov ya bayyana shi tun 1972: muna son mu ji yadda mutane ke magana in ba a sa musu ido ba, amma ba za mu ji ba sai mun sa musu ido. Shi da kansa dabaru ya yi ta nema. A 1962 ya shiga manyan kantuna uku na birnin New York yana tambayar ma'aikata inda ake sayar da wani kaya da ya riga ya san yana hawa na huɗu, don kawai ya ji yadda za su furta harafin r a amsarsu ta "fourth floor". Mutum 264 ya samu a haka, yana komawa gefe yana rubutawa. Wannan dabara tana aiki in sauti ɗaya kike farauta, misali ko mutum zai ce "tsada" ko "sada". Amma ke ba sauti ne ya tayar da ke ba. Tambayarki ita ce yadda matar kawunki ke cin ciniki da Hausar da ake ganin ta karye. Wannan ba ya fitowa daga bakin mutum ɗaya, sai tsakanin baki biyu.

Masu nazarin hira, Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson, su ne suka buɗe wannan hanya. A 1974 suka nuna yadda masu hira ke karɓar magana daga bakin juna bisa tsari, a 1977 kuma suka yi rubutu kan gyara, wato abin da ake yi in magana ta sarƙe. Sun lura cewa yawanci mai magana ake bari ya gyara kansa, ba kasafai abokin hira ke tsalle ya gyara masa ba. A 1997 Alan Firth da Johannes Wagner suka soki masu binciken harshe na biyu cewa sun cika kallon mai koyo a matsayin mai naƙasasshiyar magana, suna ƙirga kurakuransa, ba sa duba abin da yake cimma. Takardar tambayoyinki, ki yi haƙuri, tana cikin abin da suka soka.

Batun yawan mutane, ya danganta da abin da za ki ce a ƙarshe. In za ki rubuta cewa kaso kaza na Zabarmawan Yamai ba sa furta ƙ, to malaminki yana da gaskiya, goma sha huɗu ba su isa ba. In kuwa za ki nuna yadda ake warware rashin fahimta wajen ciniki, abin ƙirgawa shi ne lokutan da abin ya faru. Rumfa biyu na iya ba ki misali sittin, ga jadawalin da yake so ya samu. Akwai binciken Richard Schmidt na 1983 a kan mutum ɗaya tak, wani mai zane ɗan Japan da ke zaune a Hawai. Shekara uku yana bin sa. Nahawun Ingilishinsa bai gyaru da yawa ba, amma iya hulɗarsa ta yi nisa ƙwarai. Ashe matar kawunki tana da ɗan uwa a can. Har babban aikin da aka yi a Turai a shekarun 1980 ƙarƙashin Clive Perdue da Wolfgang Klein, a ƙasa biyar, kan baƙin ma'aikata masu koyon harshe a titi da wurin aiki, irin su ƴan Maroko masu koyon Faransanci da Turkawa masu koyon Jamusanci, mutum arba'in ne suka bi, na wajen shekara biyu da rabi. Sun haɗa hanyoyi: hira, wasan kwaikwayo, da nuna wani yanki na fim ɗin ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin a ce mutum ya ba da labarinsa. Don haka kada ki zubar da hirarrakinki goma sha huɗu. Ki ajiye su a matsayin yadda mutanen ke magana in an titsiye su, ki kwatanta da ta rumfa.

Yanzu rubutawa, inda wahalar take. Elinor Ochs ta ce tun 1979 kwafar magana a rubuce ba aikin sakatare ba ne, duk abin da ka zaɓi ka rubuta ko ka bari, ra'ayi ne ka shigar. Ki yi layi biyu: na sama abin da kunne ya ji, "kasa", na ƙasa abin da ake nufi, "ƙasa". Ki rubuta shiru da tsawonsa cikin baka, (0.8) ke nan ƙasa da daƙiƙa ɗaya kaɗan. Ki nuna inda baki biyu suka hau juna, da dariya, da kalmar da aka fara aka yanke. Shiru ba abin rainawa ba ne. Wani bincike na 2009 a harshe goma ya samu cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na daƙiƙa, a tsakaice. Babu Hausa a cikin goman, harshen Afirka ɗaya ne kawai, na Namibiya. To in kin ji shirun daƙiƙa ɗaya cur, ki tsaya a wurin ki duba.

Manhajar ELAN kyauta ce, ta cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holand, tana haɗa murya da rubutu layi-layi. Kada ki tura wa kanki muryoyin ta WhatsApp, yana iya matse su, ingancin sautin ya ragu. Ki kwafe da waya zuwa kwamfuta, ki ajiye wuri biyu. Ki kuma shirya wa lokaci: ni minti ɗaya na hayaniyar aji yakan ci mini kusan awa. Kada ki ce za ki rubuta komai. Ki saurara duka, ki yi alama, ki zaɓa.

Zarma-ize na Katako

Fofo. Ni gyaran salula nake yi, ba ɗan jami'a ba ne, amma tunda maganarmu ake yi bari in sa baki.

Ƴar uwa, Hausa uku gare ni. Akwai wadda nake ciniki da ita, akwai wadda nake yi da surukaina don matata ƴar Maradi ce, akwai wadda nake yi da wanda na ga yana jiran in yi kuskure, ita wannan gajera ce ƙwarai. Ki tambayi kanki wacce kika naɗo. A Zabarmanci babu ts, babu ƙ, babu ɗ, kuma kalma ɗaya muke faɗa ko "shi" ko "ita". Na sani sarai "ta zo" ake cewa ga mace, ga shi ina rubutawa daidai. In ciniki ya yi zafi ne baki ke riga hankali.

Kuma da wace Hausa za ki auna ni? Maigidan da ya koya mini aiki Bamaraɗe ne, "hita" da "tahi" na ji a bakinsa. In kika ɗauko ta Kano kika ce na yi kuskure, kin zalunce ni kin zalunce shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ina muryar za ta je. Mun sha ganin an ɗauki tsohuwa tana gwaranci, kafin magariba ta zagaye guruf-guruf ana dariya. Tun da aka ce a 2025 Hausa ce harshen ƙasa, maganar harshe ta ƙara nauyi a garin nan, kowa yana lura da bakinsa. Ki gaya wa mutum wa zai ji, ki canja masa suna, in ya ce a goge ki goge a gabansa. In kin yarda da haka, maƙwabcin shagona yana da ƙane mai sayar da kayan miya, zan kai ki.

Ba'adariya a Harobanda

Na gode Baba, na gode Yaya Mai Kunne Biyu, Zarma-ize ay ga saabu. Kun ji ni shiru sati uku, ina rumfar kayan miya ne. Kwana huɗu na farko ban kunna komai ba, barkono kawai na yi ta ƙullawa har idona ya yi ja. Yanzu salular tana kan buhu a fili, mai rumfar ne da kansa yake gaya wa masu saye, wanda bai yarda ba in kashe. Mutum biyar sun ƙi. Izinin waɗanda suka yarda da baki nake naɗa shi, don takardar sa hannu tsoro take ba mutane. Na kuma samu labarin cewa ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, ashe shawarar hijabi ba rashin kunya kaɗai ba ce.

Ga wani guntu da ya hana ni barci. M mai rumfa ne, Bagobiri. H wata Hajiya ce Bazabarma, tsohuwar mai sayensa.

1 H: Diyata ya aiko ni. Samiya nawa tiya?
2 M: Samiya tana gidan mijinta, Hajiya.
3 H: (dariya) s- ts- tsamiya, kai Bagobiri marar kunya.
4 M: Yawwa, yau kin biya kuɗin lakwal. Ɗari da hamsin.
5 (1.3)
6 H: Zangu nda waygu?
7 M: To kawo ɗari da arba'in.
8 H: Zuba.

Ga wanda ba ɗan nan ba: da dala muke lissafi, ɗari da hamsin tana nufin sefa 750, kuma abin da ta faɗa a layi na 6 shi ne adadin nan da Zabarmanci. Na rubuta a kayena cewa layi na 2 gyaran kuskure ne, shirun layi na 5 rashin fahimtar lissafi ne, layi na 6 kuma Hausa ce ta ƙare mata ta gudu gida. Daidai ne?

Mai Kunne Biyu

Ƙanwata, wannan guntun ya fi hirarrakinki goma sha huɗu a haɗe. Amma ki sassauta da fassarar, kin yi sauri.

Ƙa'idar ita ce kada ki shiga zuciyar Hajiya, ki duba abin da abokin maganarta ya yi da abin da ta faɗa. Da mai rumfa ya ɗauki layi na 5 da na 6 a matsayin rashin fahimta, da ya maimaita kuɗin, ko ya ce mata e, ko ya nuna da yatsu. Bai yi ba, ragi ya yi. Ke nan shi abin da ya ji shi ne "ya yi tsada". Ita ma ba ta ce masa ba haka take nufi ba, ta ce zuba. Shirun nan da komawa Zabarmanci sun sauke mata dala goma. Ki lura kuma bai nemi fassara ba, ashe shi ma yana jin lissafin Zabarmanci, wato ba ita kaɗai ce mai harshe na biyu a rumfar ba.

Layi na 1 yana da abu uku da littafin nahawu zai ja wa jan bik: "diyata", "ya aiko", "samiya". Biyu sun wuce babu wanda ya ɗaga kai. Na ukun ma ya gane ta sarai, ya tsaya a kansa ne don ya ba shi ƙofar tsokana. Bagobiri da Bazabarma ne fa, abokan wasa, wasan nan da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Sai dai kada ki tsaya nan ki ce wasa ne kawai, don a layi na 3 ta yi ta fama har ta fitar da ts. Tana iyawa in an matsa. Ki nemo duk inda "samiya" ko "sada" suka fito a rumfar, ki ga su wa yake tsokana, su wa yake ƙyalewa. In da hali, cikin kwana ɗaya ko biyu ki kunna wa mai rumfar guntun ki ji me zai ce, amma ki ajiye bayaninsa daban da abin da aka naɗa, don mutum yakan ƙawata dalilinsa bayan an gama.

Zarma-ize na Katako

Hajiyar nan na san irinsu, lissafin Hausa ba ya ɓace musu ko cikin barci. Ki tambayi mai rumfar nawa yake sayar wa wanda bai yi shiru ba. Kuma gobe in za ki zo ki biyo ta shagona, na ji ƙarar iska ta yi yawa a abin da kika kunna mini. Akwai ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, zan ara miki, sai ki sa masa ɗan soso a kai.